Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi: Idan Gidan Ya Watse Fa?

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Akan kawo wannan karin magana idan ana son a nuna cewa ɗa ba ya rasa halin inda ya tashi. Amma wanda ya tsaya ya dubi kalmominta da idon nazari zai lura cewa gida ta ambata, ba ta ambaci jini ba. Gida kuwa wuri ne da ake buɗe ido a tarar da manya, a saurare su, a kwaikwaye su. Binciken da masana suka yi tun daga shekarun 1950 ya gaskata wannan zance game da wani babban rukuni na tsuntsaye. Tambayar da karin maganar ta bari a buɗe ita ce: idan gidan ya watse, manya suka ƙare, kukan wa ɗan tsuntsu zai yi?

Amsar tana can a wasu tsibirai na tekun Fasifik, inda wasu tsuntsaye suka ragu har ana iya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya. Masu aikin ceton irin waɗannan tsuntsaye sun saba auna nasararsu da yawan kawuna, da yawan ƙwai, da yawan ƴan tsakin da suka ƙyanƙyashe. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa wannan ma'auni bai cika ba. Tsuntsun da aka ceci jikinsa aka bar kukansa ya salwanta, rabinsa aka ceta, domin da murya yake neman mace, da ita yake kare gurbinsa, da ita kuma yake gargaɗin ƴan uwansa idan maƙiyi ya tunkaro. Kuma tun da maganar ta shafi sauti da koyo da gadon baki, ɗalibin kimiyyar harshe ba baƙo ba ne a cikinta.

Kukan jini da kukan koyo

Ba kowane tsuntsu ne ke koyon kukansa ba. Zakara zai yi cara ko da bai taɓa jin carar wani zakara ba, haka ita ma kurciya da nata kukan take zuwa duniya. Rukuni uku ne aka tabbatar suna koyo ta hanyar sauraro: tsuntsaye mawaƙa irin su kanari, waɗanda hankaka ma danginsu ne duk da kaushin muryarsa, sai dangin aku, sai wasu ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan fure a nahiyar Amurka. A shekarun 1950 William Thorpe na Jami'ar Kambirij ya raini wasu ƴan tsuntsaye mawaƙa a keɓe, inda ba su jin muryar manya, sai suka tashi da waƙa gurguwa wadda ta rasa adonta. A 1964 Peter Marler da Miwako Tamura suka nuna cewa wani ɗan tsuntsu na yankin San Faransisko yana da waƙar da ta bambanta daga shiyya zuwa shiyya, kuma a farkon rayuwarsa yake ɗaukar ta wurin manyan da ke kewaye da shi. Ɗan tsuntsu yakan fara da surutai marasa tsari, kamar na jinjiri kafin ya iya magana, sannan ya yi ta gyarawa har muryarsa ta dace da abin da kunnensa ya adana. Tun a 1871 Charles Darwin ya lura da wannan kamanci tsakanin koyon waƙar tsuntsu da koyon maganar ɗan Adam.

Abin da ya sa tsibiri ya zama wurin da matsalar ta fi fitowa fili shi ne ƙarancin jama'a. Tsuntsayen tsibirai kamar Niyu Zilan da Hawai sun rayu dubban shekaru babu ɓera, babu kyanwa, babu sauran dabbobin da ke farautar ƙwai a ƙasa. Da jiragen ruwa suka kawo waɗannan dabbobi, sai tsuntsayen suka yi ta ƙarewa. Idan kuwa jama'a ta ragu, malamai sun ragu ke nan, kuma abin da ake koya ta baki ba ya wuce adadin bakunan da suka rage.

Kakapo: murya ita ce ƙofar haihuwa

Kafin a shiga batun koyo, ya kamata a fara ganin irin nauyin da murya ke ɗauka a sha'anin hayayyafa. Babu misalin da ya fi kakapo na Niyu Zilan. Aku ne da ba ya tashi sama, da dare yake yawo, kuma shi ne mafi nauyi a dangin aku, domin namiji kan kai kilo 4. Ba kowace shekara yake hayayyafa ba. Yakan jira shekarar da wata itaciya mai suna rimu ta yi ƴaƴa da yawa, abin da kan faru bayan shekara biyu zuwa huɗu. Idan lokacin ya zo, mazan kan hau tuddai, kowanne ya haƙa ƴan ramuka masu kama da akushi, ya share hanyoyi tsakaninsu. Sai ya zauna cikin ramin, ya cika wata jakar iska da ke ƙirjinsa, ya riƙa fitar da wani gurnani mai kauri wanda girgizarsa ba ta kai 100 a sakan ɗaya ba. Duk wanda ya karanci ilimin furuci ya san cewa sauti mai kauri ya fi ratsa kurmi, sai dai gano inda ya fito ya fi wuya. Gurnanin kakapo kan kai kilomita ɗaya a daren da babu iska, ya wuce haka idan iska ta taimaka. Don mace ta gane ainihin wurin, namijin kan sarƙa gurnanin da wani siririn kuka mai kama da ƙarar ƙarfe. Haka zai kwana yana yi, dare bayan dare, har wata biyu ko uku. Macen ce ke tattaki ta zaɓi wanda ya kwanta mata, sannan ta koma ta yi kwanci ta yi raino ita kaɗai.

A shekarun 1970, da aka bazama neman kakapo a duwatsun Fiyodlan, an sami guda 18, kuma dukkansu maza ne. Suna nan suna kira, babu mai amsawa. Sai a 1977 aka gano wani ayari a tsibirin Rakiura, wanda daga baya aka tabbatar akwai mata a cikinsa. A 1995 kakapo 51 kacal aka sani a duniya. An kwashe su zuwa tsibiran da aka raba da ɓeraye, irin su Whenua Hou, kuma a 2022 adadinsu ya kai 252. Wannan nasara ce da babu mai musunta ta. Sai dai labarin wani namiji mai suna Sirocco, wanda aka ƙyanƙyashe a 1997, ya isa ishara. Rashin lafiya ta sa aka raine shi a hannun mutane tun yana ɗan tsako, sai ya tashi yana ɗaukar mutane a matsayin danginsa. Yana gurnani kamar sauran maza, amma hankalinsa ba ya kan matan kakapo. A 2009 duniya ta yi dariya da aka nuno shi a wani shirin BBC yana ƙoƙarin barbarar kan wani masanin dabbobi. A ƙidayar kawuna Sirocco ɗaya ne cikin adadi, amma a lissafin hayayyafa gidan da ya tashi ya riga ya fitar da shi.

Tiyeke: yadda ƙaura ke haifar da kari

A nan Niyu Zilan ɗin akwai wani baƙin tsuntsu mawaƙi mai jan tabo a gadon baya kamar sirdi, wanda ƴan ƙabilar Mawori ke kira tiyeke. Irin da ke yankin arewa ya ƙare ko'ina sai a tsibiri guda mai suna Taranga. Daga 1964 aka fara ɗibar kaɗan daga cikinsu ana kai su wasu tsibirai, daga baya kuma aka riƙa ɗiba daga sababbin tsibiran ana kai wa wasu na gaba.

A ɗaya daga cikin waɗannan tsibirai, wato Kubiye, wani masani mai suna Peter Jenkins ya bi mazan tiyeke ɗaya bayan ɗaya yana naɗar muryoyinsu, ya wallafa sakamakon a 1978. Ya gano cewa saurayin tiyeke ba waƙar ubansa yake riƙewa ba, ta maƙwabtan da ya tarar a inda ya kafa gurbinsa yake ɗauka, har tsibirin ya kasu unguwa-unguwa, kowace da waƙarta. Ya kuma kama sababbin waƙoƙi a daidai lokacin da suke tsirowa daga kuskuren mai koyo: wani ya ɗaga ko ya sauke sauti, wani ya maimaita gaɓa, wani ya yar da gaɓa, wani ya haɗa guntayen waƙoƙi biyu. Ɗalibin da ya yi darasin tarihin harshe zai gane waɗannan fuskoki nan take, domin su ne canjin karin sauti, da ninki, da shafewa, da haɗaka. Bambancin kawai shi ne abin da kan ɗauki ƙarnuka a harshen ɗan Adam, a nan cikin ƴan shekaru ake ganinsa.

Daga baya Kevin Parker da abokan aikinsa suka kwatanta waƙoƙin tsibiran da aka yi wa wannan ƙaura. Sakamakon da suka fitar a 2010 da 2012 ya nuna cewa duk lokacin da aka ƙara zango ɗaya na ƙaura, sai waƙoƙin da ake tarayya a kansu da tsibirin asali su ragu, kuma idan aka kunna wa tiyeke waƙar wani tsibiri, ba ya mayar da martani kamar yadda yake yi wa ta gida. Dalilin a bayyane yake: ayarin ƴan tsuntsaye talatin ko arba'in ba zai iya ɗauke da dukkan waƙoƙin da ɗaruruwa ke rerawa ba. Hatsarin kuwa shi ne, ranar da masu kula suka so haɗa tsuntsayen tsibirai daban-daban don a sabunta jini, za su iya tarar da cewa bambancin waƙa ya riga ya gina katanga tsakaninsu.

Galafagos da Hawai: waƙa kan kafa zuriya, rashinta kan rusa ta

Cewa waƙa na iya zama katanga ba hasashe ba ne. A ɗan tsibirin Dafni da ke Galafagos, cikin ƙasar Ekwado, Peter Grant da Rosemary Grant sun bibiyi ƙananan tsuntsayen da ake dangantawa da Darwin tun daga 1973. A wurin waɗannan tsuntsaye ɗa waƙar ubansa yake koya, ɗiya kuma takan zaɓi namijin da waƙarsa ta yi kama da ta ubanta. A 1981 wani baƙon namiji ya sauka a tsibirin, wanda daga baya binciken jini ya nuna ya fito ne daga tsibirin Esfanyola, nisan da ya wuce kilomita 100. Ya samu mace ƴar gida suka hayayyafa, ƴaƴansa maza suka gaji baƙuwar waƙarsa. Tun da matan tsibirin ba su saba da ita ba, sai zuriyar ta koma barbara a tsakaninta, ta zama ayari mai zaman kansa cikin ƴan zuriyoyi kaɗan. Waƙar da aka koya a sheƙa ita ce ta yanke wanda zai haihu da wa.

A Hawai kuwa, ɗaya fuskar al'amarin ce ta bayyana. Hankakan tsibirin, wanda ake kira alala, an yi masa ganin ƙarshe a daji a 2002. Waɗanda suka rage, ɗari da ƴan kai, galibinsu a cibiyoyin kiwo suke. A 2017 Ann Tanimoto da abokan aikinta suka kwatanta muryoyin alala na daji da aka naɗa a shekarun 1990 da na waɗanda ke cikin keji. Sun tarar cewa kiran da na daji ke yi don shelanta iyakar gurbinsu ya ɓace daga bakin na keji, kuma kukan gargaɗi ya ragu. Daga 2016 zuwa 2019 an saki kusan guda 30 a dajin babban tsibirin Hawai. Da dama sun mutu, wasu a faratan shahon ƙasar mai suna iyo, har a 2020 aka kamo guda biyar da suka rage aka mayar da su keji. Mutuwar tana da dalilai fiye da ɗaya, amma abin lura shi ne masu kiwon sun ga dole su buɗe wa tsuntsayen makaranta, suna nuna masu shaho suna kunna masu kukan gargaɗi, wato suna cike gurbin iyayen da babu. A ƙarshen 2024 an sake sakin guda biyar, a wannan karon a tsibirin Mawi inda babu wannan shaho.

A tsibirin Kawai na nan Hawai, zazzaɓin cizon sauro na tsuntsaye ne ke yin ɓarna, kuma ɗumamar yanayi na ba sauro damar hawa tuddan da a da sanyi ya hana shi. Wani bincike na 2019 ya kwatanta waƙoƙin wasu tsuntsaye iri uku daga shekarun 1970 zuwa lokacin binciken, ya tarar cewa yayin da yawansu ke raguwa, waƙoƙinsu sun rage ado, sun kuma soma kama da juna. Tun kafin tsuntsu ya ɓace daga ido, alamar ƙarewarsa takan fara bayyana a kunne.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa wannan duk ƙawata zance ne, domin kukan tsuntsu ba harshe ba ne. A wannan gaɓar suna da gaskiya, kuma ɗalibin kimiyyar harshe ne ya fi cancantar ya faɗe ta. Cikin siffofi 13 da Charles Hockett ya zayyana wa harshe a 1960, waƙar tsuntsu ta mallaki gadon koyo daga zuriya zuwa zuriya, tana kuma jera gaɓoɓi bisa tsari. Amma gaɓoɓinta ba ƙwayoyin ma'ana ba ne da za a sake jera su a samu sabon saƙo, kuma tiyeke ba ya ba da labarin abin da ya faru bara. Saboda haka kalmar kari, idan aka yi amfani da ita ga tsuntsu, aro ce, ba daidai take da abin da ake nufi da Damagaranci ko Adaranci ko Arewanci ba. Gaggawar kwatanci ma tana da nata haɗari. A 2011 Quentin Atkinson ya yi amfani da irin wannan tunani na ayarin ƙaura ya ce yawan ƙwayoyin sauti a harsunan duniya na raguwa gwargwadon nisansu daga Afirka, masana harshe da dama kuwa suka yi masa ca da suka. Sai dai hujjar wannan maƙala ba ta dogara da cewa waƙar tsuntsu harshe ce ba. Ta dogara ne da cewa abu ne da ake koya, abin da ake koya kuwa ba ya cikin ƙwai, don haka adana ƙwai ba ya adana shi.

Wasu kuma za su ce kiran da alala ya daina yi bai ɓace ba, dalilin yinsa ne babu, tun da tsuntsun keji ba shi da gurbin da zai kare. Wannan ja ce mai ƙarfi, kuma ta yi kama da bambancin da ake koyarwa tsakanin abin da mai magana ya sani da abin da yake furtawa. Amma ta tsaya ne ga zuriyar farko. Tsohon maharbin da ya bar farauta yana sane da kalmomin daji ko da bai furta su ba, jikansa da bai taɓa jin su ba kuwa ba shi da abin da zai tuna.

Ja ta uku ta kuɗi ce: da wanne za a ji, da kashe ɓeraye ko da naɗar waƙa? Babu shakka tsuntsun da kyanwa ta cinye ba ya waƙa, don haka kare rai shi ne farko. Amma abin da ake nema a nan ba mai tsada ba ne. Naɗar muryoyin kowane ayari kafin a kwashe shi, da zaɓen waɗanda za a kwashe daga unguwanni daban-daban na waƙa, da haɗa manya da ƙanana a tafiya ɗaya, da barin ƴan tsaki su tashi kusa da manyan danginsu, duk ba su kai tsadar jirgi mai saukar ungulu da ake jigilar tsuntsayen da shi ba. Ba kuma ana cewa a daskarar da waƙa a kan siga ɗaya ba ne, domin aikin Jenkins ya nuna cewa canji ɗabi'arta ce. Abin da ake tsoro shi ne yankewar igiyar koyo baki ɗaya.

Rumbun ajiya ba gida ba ne

Akwai wani tsuntsun Kawai mai suna o'o wanda namiji da mace kan yi waƙa tare, wannan ya yi wannan ta karɓa. An ji muryarsa ta ƙarshe a 1987, kuma a 2023 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta sanya shi cikin waɗanda suka ƙare. Muryarsa na nan a naɗe, kowa na iya saurare a intanet. Masanin harshe ya san irin wannan ajiya, domin akwai harsunan da ba su da sauran mai magana sai faifai da ƙamus. Naɗa wajibi ce, amma faifai ba ya gyara wa mai koyo kuskure, ba ya kuma amsa masa. Abin da ke raya waƙa shi ne a sami mai yi da mai saurare a wuri ɗaya, a lokacin da kunnen ƙarami ke buɗe.

A nan ne ɗalibin kimiyyar harshe ke da abin bayarwa. Na'urar zana hoton sauti da Thorpe ya yi aiki da ita, don nazarin maganar ɗan Adam aka ƙera ta a shekarun 1940. Manhajar Praat da ake auna tsawon wasali da karin sauti da ita a ajin furuci ba ta bambanta muryar mutum da ta tsuntsu. Dabarun zana taswirar kari, da tantance abin da aka gada daga abin da aka ara, da gane alamun yankewar koyo tsakanin kaka da jika, duk kayan aikin wannan fanni ne. Shi kuma fannin zai amfana, domin tsibiran tiyeke sun ba da abin da tarihin harshe ba ya bayarwa: an san shekarar ƙaura, an san adadin waɗanda suka yi ta, an kuma naɗi muryar gida da ta zango.

Saboda haka ya dace rahoton kowane shirin ceton tsuntsu mai koyon kuka ya ƙunshi shafi biyu, na kawuna da na muryoyi. Idan shafin farko na hauhawa na biyu na raguwa, to bai kamata a yi shelar nasara ba tukuna. Magabata da suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi sun ɗauka cewa gidan zai kasance a tsaye. Ga alala da tiyeke da ire-irensu, tsayuwar gidan ta koma hannun ɗan Adam, wanda jiragensa ne suka kawo abin da ya rusa shi tun farko.